Kawu Iliyasu Ba Ya Fitar Da Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa tare Kawu Iliyasu a hanya ya ce masa, "Malam, don Allah me zai faru a shirinku sati mai zuwa?" ya san abin da ke biyo baya. Sai ya tsaya cak, ya zame tabarau zuwa karan hanci, ya dube ka ta samansa kamar ya kama ka da guntuwar takarda a ƙarƙashin benci, sannan ya ce, "Ɗana, ni ba na fitar da jarrabawa." Ko kai sa'ansa ne, ko ka girme shi, ɗana zai ce maka. Daga nan ya mayar da tabarau mazauninsa, ya yi gaba abinsa.

Na ga wasunku suna murmushi, na san an yi muku. Wallahi ni ma da nake rubuta labarin da hannuna an yi mini. Wata rana na manta yadda muka rufe wani kashi, na kira shi a waya na ce ya tuna mini. Sai ya ce, "Monita, har da ke?" Ya kashe wayarsa.

An ce in tashi in faɗi wani abu a kansa yau, tunda mun taru a farfajiyar makarantar nan ta Kazaure da muke aro duk hutu, kafin a kafa kyamara a fara ɗaukar sabon zango babu shi. Ga baƙinmu na Babura da Gwiwa da ba su san ni ba, ni ce Bilkisu, 'yar ƙanwarsa. Ni nake rubuta Tsamiya Uku, wasan nan na makarantar firamare da ake nunawa a talabijin, wanda Kawu ya fito a cikinsa a matsayin malamin lissafi. Shi dai bai taɓa ce mini Bilkisu ba. A ajinsa na yi monita a Roni tun kaina bai wuce teburin malami ba, kuma har na yi aure na haihu, Monita nake a bakinsa. Ban san ko zan iya kai maganar nan ƙarshe ba. Idan murya ta ƙi, ku yi mini uzuri.

Yadda ya shigo cikinmu ma ba gayyatarsa aka yi ba. Ya riga ya yi ritaya, bayan ya koyar a Gwiwa, ya koyar a Babura, ya dawo gida Roni ya ƙarasa. Ranar ya zo Kazaure ne ya kawo mini ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa daga mahaifiyata, aka ce masa ina makaranta wurin aiki. Mu kuwa muna ɗaukar wani wuri da yara ke ta hayaniya a aji saboda babu malami. Haka na rubuta, haka Darakta Sanusi ya ce su yi: wannan ya hau benci, wancan yana kiɗa da teburi. Kawu yana shigowa ƙofar makaranta ya ji ihu. Bai tambayi kowa ba. Ya ajiye ƙullin kuka a gindin bishiya, ya ratsa ta tsakanin wayoyi da fitilu, ya tsaya a bakin aji.

"Kai! Wane aji ne wannan?"

Jama'a, ko tari babu. Wanda ke kan benci ya sauko a hankali kamar mai taka ƙaya. Sai yaran nan suka miƙe gaba ɗaya, ba wanda ya koya musu, suka ce, "Barka da zuwa, Malam!"

Darakta ya taso da gudu yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, a tsaya. Kawu ya juyo ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai kuma ɗan aji nawa ne da kake ihu a bakin aji?"

"Baba, ni ne darakta."

"To, darakta, sa rigarka cikin wando."

Kuma ya sa! Ga shi nan zaune, ku tambaye shi. Allah Ya taimake mu mai kyamara bai kashe ba, wannan shigowar ita ce fitowar Kawu ta farko a talabijin. Da aka lallashe shi ya yarda zai ci gaba, muka ce masa a cikin wasa sunansa Malam Jatau. Aka fara ɗauka, hedimasta ya kira, "Malam Jatau!" Shiru. Ya sake kira. Kawu yana gyara alli a kan teburi kamar ba da shi ake ba. Na matsa na raɗa masa, "Kawu, da kai ake." Ya ce, "Da ni? Ubana rago ya yanka, liman ya raɗa mini Iliyasu. Wanda yake son ya canja, ya kawo nasa ragon." Ba wanda ya kawo. Shi ya sa duk cikinmu shi kaɗai ya fito da sunansa na yanka.

Mu muna ganin wasa muke yi. Shi a wurinsa makaranta ce, kyamara kuwa wata baƙuwa ce da ta zo duba aiki. Wannan ne ya haɗa shi da Darakta sau da dama, musamman idan wani zai bar shirin.

Kun tuna Malama Rifkatu, mai koyar da Turanci, wadda take zuwa mana da gwaten acca a kula duk ranar ɗauka? Da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, dole ta bi shi. Muka zauna neman yadda za a fitar da ita daga labari. Darakta ya ce a yi haɗarin mota a hanyar Babura, a kawo labari ana tsakar darasi, yara su fashe da kuka. Ya ce mutane suna son abin da zai sa su hawaye. Kawu yana gefe yana shan shayi, ba ma da shi ake shawarar ba. Ya ajiye kofi.

"Matar da ke da ranta da 'ya'yanta za ka kashe?"

"Malam, ai wasa ne."

"Tsohuwarta tana can ƙauyensu tana kallo a gidan maƙwabta. Kai za ka je ka gaya mata wasa ne bayan ta suma?"

"To ai dole a nuna dalilin da ya sa ta daina zuwa."

"Dalilin shi ne an yi wa mijinta canji. Ko gaskiya ba ta ɗaukuwa a kyamararka?"

Darakta ya ce gaskiya ba ta da armashi. Kawu ya ce, "To in dole sai motar ta kife, kai ka shiga. Daraktoci ai suna da yawa a Kano."

Haka aka yi wa Malama Rifkatu walimar sallama irin ta makaranta, da lemo da cincin, da faranti da aka naɗe a takarda mai ƙyalli. Na rubuta wa Kawu jawabin layi kaɗan. Ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihu, ya miƙe ya yi nasa. Ya fara tun daga ranar da ta fara zuwa, ya bi ta kan rubutunta a allo, ya yaba yadda ba ta taɓa makara ba, ya soki yawan yajin gwatenta, ya roƙa wa 'ya'yanta albarka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na gaskiya. Sai da aka raba jawabin nan kashi biyu aka nuna shi sati biyu. Amma kukan da Rifkatu ta yi a ƙarshe ba ni na rubuta shi ba. Ranar da Kawu ya rasu, ita ce ta fara kirana daga can inda suke. Muka riƙe waya haka nan har ta katse.

Sai maganar ƙararrawa. Wannan kam duk kun sha ta. Mun rufe zango na biyu da ɓacewar ƙararrawar makarantar Tsamiya Uku: aka wayi gari babu ita a reshen da ake rataye ta, shiri ya tsaya a nan. Tabɗi! Wurin mai shayi, wurin markaɗe, gidan suna, ba abin da ake yi sai musu. Wasu su ce maigadi ne, wasu su ce mai sayar da awara ce. Kowa kuma ya san Malam Iliyasu ya sani.

Inna Hajara, matarsa, ita ta fara gwada sa'arta. Ta yi masa dambun zogale da man gyaɗa, ta zauna kusa tana yi masa fifita. "Malam, shekara nawa muna tare. Ni dai ka raɗa mini, ko bango ba zai ji ba." Ya cinye dambu tas, ya sha ruwa, ya yi hamdala, ya ce ba ya fitar da jarrabawa. Washegari ta hana shi furar rana. Ya dube ta ya ce, "Hajara, jiya cin hanci, yau barazana. Duka biyun korar ɗalibi ake yi a kansu."

Amma wanda ya fi kowa shan wahala Lawal ne mai acaɓa. Ga shi can baya, Lawal, daina sunkuyar da kai, kai ka ba ni labarin da bakinka. Ranar kasuwar Gwiwa ya ɗauko Kawu daga Roni, zai je sayen igiya da daddawa. Suna cikin tafiya, an fara hango bishiyoyin gari daga nesa, gonakin gero hagu da dama, sai Lawal ya gangara gefen hanya ya kashe mashin.

"Mai ne ya ƙare?"

"Mai yana nan, Baba. Maiɗakina ce ta ce kada in dawo gida yau sai da sunan ɓarawon ƙararrawa. Mashin ɗin nan ba zai tashi ba sai ka faɗa."

Kawu bai yi faɗa ba. Ya sauka a hankali, ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanya da ƙafa. Lawal ya zauna yana jira ya juyo. Bai juyo ba. Da ya ga tsoho yana neman ɓacewa a cikin rana, kunya ta kama shi, ya bi shi da gudu yana tura mashin.

"Baba, don girman Allah ka hau, na janye."

"A'a. Ka ce ba zai tashi ba sai na faɗa, ni kuma ban faɗa ba. In ya tashi ka zama maƙaryaci, ni kuwa ba na son a yi ƙarya saboda ni."

Haka suka shiga Gwiwa, tsoho a gaba yana taku ɗaiɗai, mai acaɓa a baya yana tura mashin mai lafiya yana haɗa gumi, 'yan kasuwa suna tambaya ko faci suka yi.

Abin da mutane ba su sani ba, a lokacin Kawu yana ɗauke da wani nauyi a ransa saboda ƙararrawar nan. Nafi'u, yaronmu na Babura da kuka sani da Ɗanliti a shiri, ya girma. Murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro, gajeren wandon makaranta ya koma masa kamar na aro, ga shi har yanzu ɗan aji shida ne a labari. Dole ya tafi. Darakta ya ce ga dama ta samu: a ce Ɗanliti ne ya sace ƙararrawa ya sayar wa 'yan gwangwan, a kama shi a gaban taron safe, Malam Iliyasu ya kore shi. An warware sirri, an sallami yaro, magana ta ƙare.

Kawu ya ce bai yarda ba. Ya ce, "Sanusi, ka san Babura? Garin iyaka ne. Uban yaron nan kullum yana tsallakawa Nijar da kaya. Ka nuna wannan yau, kafin sati sunan ya riga uban isa can. Gobe yaro ya je neman aure, a ce wane ne? A ce ɓarawon ƙararrawa."

Darakta ya ce mutane sun waye, sun san bambancin wasa da gaskiya. Kawu ya ce, "Lawal ma ya waye, ka tambayi ƙafafuna." Aka yi dariya, amma Darakta bai sauka ba, don an riga an tsara komai, hutu kuma ya zo ƙarshe, za a karɓe makaranta a hannunmu. Shi kuwa Nafi'u yaro ne mai kunya, abin da aka ce ya yi shi zai yi. Amma na gan shi ranar a bayan aji yana zaune shi kaɗai, bai taɓa abincinsa ba.

Aka jera yara a fili, a nan inda kuke zaune. Aka fito da Nafi'u gaba, hedimasta yana riƙe da kafaɗarsa. Abin da Kawu zai ce kawai shi ne, "Kai ne ɓarawon, na kore ka daga makarantar nan." Darakta ya ba da umarni. Kawu ya tako, ya dubi yaro, ya ce, "Ɗanliti, ka karya kuwa?" Aka tsaya. Aka sake. Wannan karon ya tsaya yana goge tabarau da bakin riga har Darakta ya gaji ya ce a tsaya. Rana tana ta sunkuyawa, mai kyamara yana cewa haske zai tafi. Darakta ya zo har gabansa, ya durƙusa wallahi, ya ce, "Malam, don Allah, sau ɗaya tak." Kawu ya ce, "To, kunna."

Aka kunna. Ya tako tsakiyar fili, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba.

"Hedimasta, saki yaron nan. Ni na ɗauki ƙararrawa. Na ga ta tsage, na kai wa maƙeri a Roni ya gyara, tsufa ya sa na manta ban faɗa ba. In akwai wanda za a kora, ga ni."

Hedimasta, Allah Ya saka masa, bai rikice ba, ya saki kafaɗar yaro ya ce, "Ashsha, Malam, ai da ka faɗa." Nafi'u ya rufe fuska da hannu biyu. Haske kuma ya tafi, ba halin sakewa. Darakta ya zauna a ƙasa ya dafe kai ya daɗe, sannan ya ce da ni, "Bilkisu, je ki rubuta yadda yaron zai ci jarrabawa ya tafi sakandare." Haka Ɗanliti ya bar Tsamiya Uku, da akwati a ka, 'yan aji suna rakiya har bakin titi.

To, kun san abin da ya biyo baya? Ya faɗa da bakinsa a talabijin cewa gyara ya kai. Kowa ya ji. Amma tun daga ranar har ya koma ga Allah, ba kasuwar da zai shiga yara ba su bi shi da "ɓarawon ƙararrawa" ba. A Babura wani Buzu mai sayar da cuku ya baro kayansa ya rungume shi yana cewa, "Kai ne ka sace ta, wallahi na gane ka!" Inna Hajara ta je suna, mata suka tambaye ta ko a ƙarƙashin gado ya ɓoye. Ta dawo a fusace, na tarar tana yi masa faɗa.

"Da girmanka, da furfurarka, ka jawo mana wannan suna!"

"Hajara, da a kan yaron ya sauka fa? Shi yanzu zai fara rayuwa. Ni kuwa na riga na yi aure, ke kuma ba inda za ki."

"Wa ya gaya maka?"

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Tarin nan, ashe, shi ne mafarin abin. A lokacin ba mu ɗauke shi komai ba.

Daga baya ƙafafu suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. In ya yi magana mai tsawo sai ya dafa teburi ya huta. Likita ya ce ya daina tsayuwar rana da doguwar tafiya. Ni da Darakta muka ga ba makawa, a zango mai zuwa dole Malam Iliyasu ya bar Tsamiya Uku. Amma wa zai gaya masa? Darakta ya ce ni, tunda kawuna ne. Na ce shi, tunda shi ne shugaba. Ƙarshe muka tafi Roni tare, kowa yana fatan ɗan'uwansa ya fara.

Muka same shi a zaure kan tabarma, an jingina masa matashi. Muka gaisa. Muka tambayi jiki. Muka tambayi damina, muka yaba gyaɗar bana, Darakta har ya shiga zancen tsadar taki, shi da ko fartanya bai taɓa riƙewa ba. Kawu yana ta kallonmu ta saman tabarau.

"Kun zo korata ne. Ku faɗa, shayinku yana hucewa."

Na ce, "Haba Kawu, ba kora ba ce, ritaya ce."

"Gwamnati ta yi mini guda, na ga bayanta lafiya." Ya dubi ƙafafunsa. "Ta biyun ce ban sani ba."

Can Darakta ya yi ƙarfin hali ya shiga bayyana abin da muka shirya: babban taro, rumfa, yara su rera waƙar ban kwana, a ba shi kyautar rago, a nuna tsofaffin fitowarsa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Ba na son rumfa, ba na son waƙa. Ragon kuwa, ku ba maigadi. Ni abin da ya dame ni, ban gama darasi ba."

"Wane darasi, Malam?"

"'Yan aji uku. Na yi musu tarawa, na yi musu ɗebewa, na yi musu sau. Saura rabawa. Ka koya wa yaro tarawa ka tafi ba ka koya masa rabawa ba, ai marowaci ka bar wa gari."

Mu a wurinmu lissafin da yake yi a allo ado ne kawai, abin da za a gani a bayansa kafin a shiga ainihin labari. Ashe shi tun zango na farko bin manhaja yake yi daki-daki, kuma ya san akwai yara a ƙauyuka da ke zama gaban talabijin da littafi a cinya. Ya nemi a ba shi kashi uku ya gama. Darakta ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Suka yi ta ja kamar masu cinikin akuya, har aka tsaya a kan guda.

Ba mu jira hutu ba, muka roƙi aji ɗaya ranar Asabar. A mota aka kawo shi, aka shigo da shi ana riƙe da shi ta kowane gefe. Mun ajiye masa kujera a gaban allo, ya ce a ɗauke, malami ba ya koyar da rabawa a zaune. Ya zo da ƙwaryar gyaɗa daga gonarsa. Ban rubuta masa ko kalma ɗaya ba ranar, bai kuma nema ba.

Ya kira yara huɗu gaba, ya zuba gyaɗa a teburi, ya ce su raba daidai, kada wani ya fi wani. Suka yi ta ɗauka ɗaya-ɗaya, shi kuma yana rubutawa a allo, lambobin a miƙe suke. Da suka gama, ƙwaya ɗaya ta rage a tsakiyar teburi. Wata 'yar ƙarama mai suna Ummi ta ɗaga hannu, ba wanda ya sa ta.

"Malam, wannan ta waye?"

Ya dafa teburi ya huta tukuna. "Wannan ita ake kira saura. In kuna rabo, sau da yawa za ku ga saura. Ba ta mai ƙarfi ba ce, ba ta mai rabon ba ce. Ku duba wanda bai samu zuwa ba, ku ajiye masa."

Ya sa suka maimaita lissafin da baki har sau biyu. Ya ce, "Akwai mai tambaya?" Babu. Ya ɗauki tsumma ya fara goge allo. Ya goge ƙasa, ya goge tsakiya, ya miƙa hannu sama, hannun ya ƙi kaiwa. Ya sake gwadawa. Na yunƙura zan shiga, mai kyamara ya riƙe mini mayafi. Kawu ya tsaya yana kallon layin da ya rage a sama, sannan ya ajiye tsumma a kan teburi.

"A bar shi. Mai zuwa ya goge. Ku tashi."

Yara suka miƙe suka ce, "Mun gode, Malam." Ya fita a hankali, yana dafa bango. Ranar Darakta bai ce a tsaya ba. Da na waiwaya, ya juya wa kowa baya, kafaɗunsa suna motsi.

Ba a nuna wannan kashi ba tukuna, da shi za a buɗe sabon zango. Shi bai samu gani ba. An gama yankan gero kenan, wata safiya bayan ya yi sallah ya ce wa Inna Hajara zai ɗan kishingiɗa kafin koko ya huce. Da ta dawo da kofi, ya riga ya tafi.

Waɗanda suka je Roni sun ga jama'a. Layin gidan bai ɗauke su ba, har bakin masallaci. Akwai dattawa masu furfura da ya koya wa baƙi da wasali a Gwiwa tun yana saurayi. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa ganinsa ido da ido ba sai a gilashin talabijin, sun hau mashin tun daga ƙauyukan Babura. Nafi'u ya zo daga makarantarsa, shi ya riƙe gaban makara, ya ƙi ba kowa har kabari.

A cikin gida ina zaune kusa da Inna Hajara, wata tsohuwa ta shigo da sanda, ba wanda ya san ta. Ta ce daga wani ƙauye take bayan Gwiwa, jikokinta ne ke kunna mata shirin a waya. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta ajiye ɗan ƙullin gero. Har ta miƙe za ta tafi, sai ta dawo ta durƙusa, ta kama hannun Inna da gaske, fuskarta cike da damuwa.

"Baiwar Allah, to yanzu yaran nan wa zai riƙe su?"

Na buɗe baki zan ce mata wasa ne, Inna Hajara ta taɓa ni da gwiwa. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Kada ki damu, Iya. An samo wani malami. Za a riƙe su."

Malam Auwalu, kai ne sabon malamin lissafin Tsamiya Uku, ga ka nan cikin sabuwar riga. Ka ji alkawarin da aka ɗauka da sunanka. Ba mu ce ka zama shi ba, ba mai iyawa. Ka dai riƙe su.

Ya Allah, ga bawanKa Iliyasu ya zo gare Ka a gajiye. Ka ba shi wurin hutawa mai sanyi, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka dubi Inna Hajara da har yau take dama koko na mutum biyu, Ka sanyaya mata zuciya. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.